Malam Bukar Mai Zuba wa Inji Hankali

Duk wanda ya yi aiki da Malam Bukar Waya ya san gwangwanin madarar nan da yake ajiyewa a ƙarƙashin injin huda takarda. Injin wani dogon zaren takarda yake hudawa, ɓarɓashin da ke zubowa kuwa, ƙanana kamar ƙwayar gero, kowa shara ya ɗauke su ban da shi. Shi tarawa yake yi. In gwangwani ya cika ya juye a buhun gishiri, ya ɗaure a bayan kekensa ya nufi Fagge. Da na gaji da gani na tambaye shi, sai ya ce matashin kai zai yi da su. Shekara biyu yana tarawa. Ranar da matashin ya kammalu ya kwana a kansa, washegari ya zo ofis wuya a sandare, in zai kalle ka sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya.

Na ce, "Malam Bukar, yaya matashi?"

Ya ce, "Matashi lafiya lau. Wuyan ne bai saba ba."

Kuma bai jefar da shi ba. Mai ɗakinsa, Hajiya Falmata, ta gaya mini baƙi yake ba wa, musamman waɗanda suka fara daɗewa.

Ni Bafulatani ne, shi Babarbare, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa a nan na riga na faɗa masa ido da ido, shi ma ya rama da ƙari. Kakanninsa fatauci ya kawo su daga Borno suka yi zamansu a Fagge. Shi kuma ya daɗe yana aikin waya a tashar jirgin ƙasa, can ya samo laƙabinsa. Mun haɗu ne a wani kamfanin dakon kaya da ke tsakanin tasha da Sabon Gari, a shekarun nan da kuɗin man fetur suka cika ƙasa, kowa yana sayen abin da bai gama sanin amfaninsa ba. Ni akawu ne mai buga tafireta, na shekara goma sha tara a kanta. Shi kuma an ɗauko shi ne don gyaran wayoyin ofis da fitilu.

Alhaji mai kamfanin ya je Turai ya ga kwamfuta, ya ce shi ma a aiko masa da ɗaya. Ta iso cikin akwatunan katako, da aka haɗa ta sai ga abu kamar firij uku a jere. Aka ware mata ɗaki, aka sa mata na'urar sanyi, mu kuwa akawuna biyar muna fama da fanka ɗaya mai gurnani. Aikinta shi ne ta riƙe bayanin kaya: na wane ne, a wane tarago yake, a wane sito aka sauke shi.

Sai na ɗan yi bayani saboda jikokinsa, su da suka taso suka ga waya a aljihu tana komai. Injin nan in ka kunna shi bai san ko sunansa ba. Dole sai an ɗora masa abin da yanzu ake kira babbar manhaja, wato tushen da sauran ayyukan duk suke hawa a kai. Baturen da ya zo ya kafa shi sistem yake cewa. Malam Bukar ya ce wannan ai hankali ne, daga nan kowa a ofis ya koma cewa za a zuba wa inji hankali. Yadda ake yi, za ka ɗaura zaren takardar nan mai huda-huda, ka ɗaga wasu maɓallai ka sauke wasu, sannan injin ya fara bugo maka tambayoyi da Turanci a kan takarda, ɗaya bayan ɗaya, sama da talatin, kana ba shi amsa. Ka kuskure guda ɗaya, ka koma farko. In kuma wuta ta ɗauke yana tsakiyar aiki, sau da yawa hankalin hautsinewa yake yi, sai an sake zubawa. Wuta kuwa ba sai na gaya muku halinta ba.

Baturen sati uku ya yi, zafi ya kore shi. A cikinmu babu wanda ya kama komai sai Malam Bukar, wanda ba a ma gayyace shi koyon ba. Ya zo duba wata waya ne ya maƙale a bayan mutumin, yana rubuta duk abin da ya gani a bayan takardar buhun siminti, da wani guntun fensir da ya cusa a karan dawa don ya samu wurin riƙewa. Da Baturen ya tafi, shi kaɗai ne injin ke saurara. Wani da ya samu irin wannan dama da ya riƙe ta ya yi ta jan aji. Shi abin damunsa ya yi. Ya ce in ya kwanta zazzaɓi fa, sai kamfani ma ya kwanta?

Ya zauna ya lura cewa a cikin tambayoyin nan talatin da wani abu, kusan duka amsarsu ɗaya ce kullum. Sai ya huda sabon zare, ya sa amsoshin a ciki tun daga farko, ya bar guda uku kacal: yau nawa ga wata, a wane faifai za a zuba, ka tabbata? Tsohuwar hanyar kuma bai taɓa ta ba, tana nan da tambayoyinta cif. Ya sa injin ya fara da tambaya ɗaya da Hausa, wai GAJERIYA KO DOGUWA, kai ka zaɓa. Ya kuma rubuta matakan a kwali, da boko da ajami, ya rataye a bango.

Yadda yake gwada kwalin nan shi ne abin kallo. Ba ya kiran wanda ya iya. Baba Audu maigadi yake kira, dattijon da in ban da ajami ba ya karanta komai, ya miƙa masa kwali ya ce bismillah. Shi kuma ya hau benci ya zauna a kan hannayensa biyu, don kada su kai agaji ba da saninsa ba. Ba ya cewa uffan. Ka ga leɓensa yana rawa, amma ko tari ba ya yi.

Gwajin farko, kwali ya ce a danna jan maɓalli. Baba Audu ya duba gabas ya duba yamma, ya ga babu jan da ya kai na jikin bango girma, ya je ya danna shi da ƙarfinsa. Wutar ginin gaba ɗaya ta mutu, har da fankarmu. Muka yo waje muna faɗa, Baba Audu ya fara ba da haƙuri. Malam Bukar ya sauko daga kan hannayensa ya ce, "Baba ba shi da laifi. Takarda ce ta yi ƙarya." Washegari ya zo da guntayen zare kala-kala da ya tsinto a ƙasan shagunan telolin Fagge, ya ɗaɗɗaura a kan maɓallan, kwali ya koma cewa ɗaga mai koren zare, sauke mai baƙi.

Maganar nan ta takarda ce ta yi ƙarya ta zame masa waƙa. Duk inda mutum ya yi tuntuɓe, kwalin yake zagi, ya goge ya sake rubutawa. Har gida ya kai ta. Hajiya Falmata ta ce in ta rubuta masa cefane ya je kasuwar Sabon Gari ya dawo da abin da ba shi ba, amsar da take samu ke nan, alhali ita ta san ya ga mai araha ne ya canza.

A kwali na tara Baba Audu ya zuba wa inji hankali shi kaɗai, tun daga ɗaura zare har injin ya yi gaisuwarsa, alamar ya tashi. Ya tsaya ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Au, dama wannan ne aikin da kuke ɗaura wa taye a wuya?" Ya ɗauki sandarsa ya koma bakin ƙofa.

Ana nan sai Alhaji ya ɗauko Injiniya Kabiru, saurayi ɗan gidan malamai a cikin birni, wanda ya karanto ilimin injin nan a ƙasar waje. Yaron kirki ne, kuma ya san aikinsa, amma a lokacin jininsa yana tafasa. Da ya ga gajeriyar hanya sai ransa ya ɓaci. Ya ce an rufe wa mutane ido, an mai da injin ilimi abin wasa, wanda bai san ma'anar tambayoyin ba bai kamata ya taɓa shi ba. Shi ne ya raɗa mata suna hanyar masu gadi. Ya ce a cire ta. Alhaji kuma, da ya ji ana iya gamawa cikin ɗan lokaci, sai ya ce doguwar ce za a cire, me za a yi da abin ɓata lokaci? Malam Bukar ya tsaya a tsakiya ya ƙi wa kowa. Ya gaya wa Injiniya doguwarsa tana nan ba wanda ya rage mata ko wasali, ya bi abarsa. Sannan ya tambayi Alhaji ko yana buɗe bonet kafin ya tayar da motarsa. Alhaji ya ce a'a, makulli kawai yake murɗawa.

Malam Bukar ya ce, "To ranka ya daɗe, in kira mai walda ya liƙe bonet ɗin?"

Alhaji ya yi dariya ya bar maganar. Injiniya bai yi dariya ba. Wata da watanni tsakaninsu sai gaisuwa.

To yanzu ga inda na shigo, kuma ba wurin da nake alfahari da shi ba ne. Alhaji ya tara mu akawuna biyar ya ce tunda inji ya ɗauke yawancin aikin tafireta, mutum biyu za su ishe shi. Ƙarshen wata za a yi gwaji a gabansa, kowa ya zuba wa inji hankali shi kaɗai, ta kowace hanya ya ga dama. Wanda inji ya tashi a hannunsa yana cikin lissafi, wanda ya kasa a sallame shi. Sauran huɗun samari ne masu takardar sakandare, a zamanin nan kuwa irinsu har kan titi ake binsu da aiki. Ni na haura arba'in, ga 'ya'ya shida a Rijiyar Lemo, babban bai daɗe da shiga sakandare ba, kuma in ka ɗauke tafireta babu abin da hannuna ya sani. Na tsorata ƙwarai, har abinci ya daina yi mini daɗi.

Za ku ce ai abin mai sauƙi ne, tunda har Baba Audu ya iya. Nan ne matsalar take. Sunan nan na hanyar masu gadi ya riga ya bi ta. Samarin duk doguwa suke bi don Injiniya ya gani, in wani ya buga gajeriya sai a yi ta masa shewa ana tambayarsa ina sandarsa. Ni ne babba a ɗakin. Ni na koya wa uku daga cikinsu yadda ake sa takarda a tafireta. In zauna a gabansu da gaban Alhaji, injin ya tambaye ni gajeriya ko doguwa, in buga gajeriya da yatsana? Na ji ba zan iya ba. Kullum in an tashi cin abincin rana sai in shiga in gwada doguwa, kullum kuma a tambaya ta goma sha tara nake cijewa. Turancina na wasiƙa ne, wannan kuwa wani Turanci ne daban.

Malam Bukar ya same ni rannan ina gumi a cikin ɗakin da ya fi ko'ina sanyi a unguwar. Ya dubi takardar da injin ya bugo, ya ce in daina wahalar da kaina in bi gajeriya.

Na ce, "Ni ba maigadi ba ne."

Ya ce, "Shi ma Baba Audu ba akawu ba ne, amma shi inji ya tashi a hannunsa."

Maganar ta yi mini zafi, don gaskiya ce. Kwana uku ban kula shi ba. In ya ce ina kwana bawana, kamar yadda muka saba, sai in amsa a daƙile in wuce. Na riga na yanke a raina cewa doguwa zan bi ranar gwaji, in na faɗi na faɗi da mutuncina. Yanzu in na tuna sai in rasa wane irin mutunci ne wannan da zai mai da ni gida hannu biyu. Amma a lokacin haka na gani.

Saura kwana biyu gwaji, sai muka ga tambayar farko ta canza. Babu gajeriya, babu doguwa. Injin cewa yake KANA SAURI, ka ba shi I ko A'A. In ka ce I, tambaya uku. In ka ce A'A, ya kwararo maka duka. Da aka tambayi Malam Bukar sai ya ce tsohon zaren ne ya yage, da ya zo sake hudawa kuma ya ga wannan ba ta kai waccan cin takarda ba. Kowa ya yarda, don an san shi da tattali.

Ranar gwaji da hantsi aka kawo wa Alhaji kujera ɗakin inji. Ya ce Injiniya ya fara yi sau ɗaya kowa ya gani. Injiniya Kabiru ya zauna, ya ɗaura zare, injin ya tambaye shi ko yana sauri. Ya dubi agogonsa ya ce akwai taragu suna jiransa a tasha, ya buga I. Ya amsa uku, inji ya tashi. Yana miƙewa ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ni ma in ba wani abu zan canza a ciki ba, wannan nake bi." Samarin suka kalli juna. Malam Bukar yana can lungu yana kwashe ɓarɓashin takarda, ko ɗagowa bai yi ba.

Ni ne na ƙarshe. Kafin a zo kaina biyu sun nace wa doguwa sun cije a hanya, ɗaya ya ɗaura zaren a juye har sau biyu, ɗaya ya wuce. Na zauna na ɗaura zare. Injin ya bugo KANA SAURI. Babu wanda ya tambaye ni ko ni gwani ne ko ɗan koyo, babu wanda ya ce in faɗi matsayina a gaban yara. Sauri kuwa wa ba ya yi a Kano? Na buga I. Na ba shi kwanan wata, na gaya masa faifai, na ce na tabbata. Zaren ya yi ta gudu, ya tsaya, injin ya yi gaisuwarsa. Alhaji ya ce madalla, ya tashi ya fita.

A bakin ƙofa Malam Bukar ya tare ni ya ce, "Yau Bafulatani da sauri haka, ko shanu ne suka shiga gonar mutane?" Na ce masa Babarbare dai ba ya rabo da surutu. Da haka muka shirya.

Na ƙara shekara goma sha huɗu a kamfanin nan, yarana duk suka yi karatu. Doguwar hanyar ma daga baya na iya ta, shi ya koya mini, tambaya ɗaya a sati, ba gaggawa. Sai dai na sha wuya fiye da na baya, domin ba a yi sati da gwajin ba doguwar ta ƙaru da tambaya bakwai. Wasu abubuwa ne na cikin inji da Injiniya ya daɗe yana so a ba shi damar juyawa, Malam Bukar yana cewa sai dai bayan ransa, wai zaren zai ƙara kamu biyu a banza. Rana ɗaya muka ga sun shiga. Na yi ta tsine wa tambayoyin nan bakwai a gabansa, ina cewa Babarbare ya ji tsoron mai digiri. Shi dai sai ya ce in sake daga farko.

Da Allah Ya yi wa Malam Bukar rasuwa, ranar sadakar uku, a ƙofar gidansa a Fagge, Injiniya Kabiru ya zo ya zauna kusa da ni a tabarma. Shi ma furfura ta cim masa. Bayan an shafa fatiha ya matso ya ce akwai abin da marigayi ya sa shi ya yi alkawarin ba zai faɗa ba yana raye. Ya ce ana jibi gwajin nan, bayan la'asar, Malam Bukar ya je gidansu a kan keke. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa a gabansa, mutumin da ya kusa haifarsa. Ya roƙe shi ya bi gajeriyar hanya a gaban kowa, ya kuma faɗi maganar nan cewa shi ma ita yake bi. Injiniya ya ce ya tambaye shi dalili.

"Sai ya ce mini, akwai mai iyali da kunya za ta raba da abincinsa. Bai faɗi suna ba. Na ce to me zan samu? Ya ce in kawo tambayoyina bakwai."

Shekara talatin da wani abu muna tare da mutumin nan, muna tsokanar juna safe da yamma, mun yi faɗa ya fi a ƙirga, kuma Barebari ba a san su da barin gori ya wuce su ba. Ko sau ɗaya bai taɓa goranta mini ba. Ban gode masa ba, don ban sani ba, kuma wannan yana damuna har yau.

Allah Ya jiƙan Malam Bukar, Ya gafarta masa, Ya sauƙaƙa masa tambayar kabari. Allah Ya albarkaci abin da ya bari, Ya ba Hajiya Falmata haƙuri. Yadda ya rufa mini asiri ban sani ba, Allah Ya rufa masa nasa ranar da kowa zai tsaya shi kaɗai. Amin.